Kafin Takardar Kora Ta Fito: Magana da Iyayen Ɗalibai a Ƙasar Pauwa



Shugaban taro; iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku; malamanmu, Allah ya gafarta muku; iyaye maza da mata; ƙannena da 'ya'yana ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan, barkanmu da zuwa.

An ce in yi magana a kan yadda iyaye za su gane ɗansu na babbar makaranta ya shiga matsala, da abin da ya kamata su yi masa. Ni malamin makaranta ne, kuma ɗan ƙasar nan. Ina ganin yaro a aji, ina kuma haɗuwa da mahaifinsa a masallaci ko a kasuwar Sheme yana cewa, "Ai yaron nan saura ƙiris ya gama." Sau da yawa maganar uban daban, abin da ke cikin fayil a ofishinmu daban. Abin da ya kawo ni abu ɗaya ne. Kusan kowace matsala ta ɗalibi makaranta ta tanadar mata mafita, amma mafitar tana da wa'adi, kuma a gidajenmu labarin yakan iso ne bayan wa'adin ya wuce.

Mu fara da kayan da yaron ya ɗauka kafin ya shiga mota. Ɗan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da ke karatu yau a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, ko Kwalejin Isa Kaita, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, bai tashi irin tashin da muka yi ba. Daren 11 ga Disamba 2020 aka shiga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara daji, ranar 17 ga wata aka sako 344. Yaran nan da tsararrakinsu su ne a manyan makarantu yanzu. Wanda ba a ɗauka ba an ɗauki abokinsa, ko ya kwana cikin dawa ranar da aka shiga ƙauyensu. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu ukun, sai mutum ya yi tafiya zuwa wani gari kafin ya ji muryar ɗansa. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, makarantu da dama suka ƙara kuɗin rajista. A Oktoban shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsinma daga gidan hayarsu a cikin gari. Wato inda yaron ya baro ba kwanciyar hankali, inda ya je ma barcin da ido ɗaya ake yinsa. Yana zaune a aji malami yana rubutu a allo, wayarsa ta motsa a aljihu, gabansa ya faɗi, don bai san wane labari ne daga gida ba.

Bayan wannan, ya san abin da aka sayar. Ya san buhun masara nawa aka kai Ɗandume. Ya san tunkiyar innarsa ce ta zama kuɗin rajista. Ya san gonar bayan gari tun yaushe rabon da a nome ta, a wani gidan ma ya san bashin kuɗin fansa har yau ba a gama biya ba. To wannan yaron, da wane baki zai ce, "Baba, na faɗi jarrabawa"? Mu Hausawa mun yi tarbiyyar 'ya'yanmu da kunya, kuma ina alfahari da hakan. Amma ku duba yadda abin yake. Wanda aka fi turawa makaranta da fata mai yawa shi ne ɗan fari, shi ne kuma wanda uwarsa ba ta faɗin sunansa, ubansa ba ya sakin fuska da shi. Ga yadda wayar take kasancewa:

"Yaya karatu?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ba wata matsala?"

"Ba komai."

"To, Allah ya taimaka. Ga innarka."

Ko minti ɗaya ba a cika ba, an gama bincike na zango guda. Uba ya ajiye waya hankalinsa kwance, alhali ko da yaron kwance yake a asibitin makaranta amsar da zai bayar ke nan.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar tana Zariya, kai kana Sabuwa, dole ka koyi sauraren murya da lura da canji. Kada ka auna shi da ɗan maƙwabci. Auna shi da yadda ka san shi. Wanda ya saba kira kowace Juma'a ya ɗauke ƙafa, sai ka kira sau uku kafin ya ɗauka. Ko akasin haka, wanda ba ya kira ya koma kira dare da rana ba tare da wata magana ba. Wanda a da bakinsa ba ya rufuwa da labarin malam wane da abokinsa wane, yanzu ba ya ambaton kowa. Kullum "sakamako bai fito ba," alhali ɗan unguwarku da suke aji ɗaya ya kawo nasa. An yi hutu ya ƙi dawowa, ko an koma shi yana ta jan ƙafa, yana cewa ai ba a fara komai ba. Kuɗi kuma alamarsu iri biyu ce. Akwai mai yawan roƙo, kowane mako da sabon suna: na handawut, na gwaje-gwaje, na wata takarda da ba ka taɓa ji ba. Akwai kuma wanda ya daina tambaya ɗungurungum. Na biyun ya fi ba ni tsoro, don ko yunwa yake kwana da ita saboda tausayinka, ko ya samu wata hanya da ba zai so ka sani ba.

Idan ya dawo hutu, a nan aikin iyaye mata yake, don idonku ya fi namu. Ki duba wuyan rigarsa ko ya yi masa yawa. Ki duba kwanon tuwon da kika aika masa, yadda ya dawo. Ki lura ko yana wuni a ɗaki ƙofa rufe, dare ya yi kuma hasken waya har asuba; ko ya daina fita dandali wurin abokansa; ko sallar da a da ba a tashinsa yanzu sai an yi ta bugun ƙofa; ko ƙaninsa ya yi masa ƙaramin abu ya hau shi da duka. Ɗaya daga cikin waɗannan ba komai ba ne, kowa yana da ranar da ransa ba daɗi. Amma in uku ko huɗu suka haɗu, suka kuma daɗe, akwai magana.

Yanzu bari in buɗe muku lissafin makaranta, don rashin saninsa ne ya sa ake yi wa iyaye rufa-rufa. Jami'a ba ta da na ɗaya da na biyu irin na firamare. Kowane zango ɗalibi yana ɗaukar darussa, kowane darasi ana raba makinsa tsakanin aikin aji da jarrabawar ƙarshe, kuma a ƙa'ida sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Maki 70 zuwa sama shi ne A. A mafi yawan jami'o'i ƙasa da 40 faɗuwa ce. Darasin da ya faɗi zai sake shi baɗi tare da ƙannensa, shi ne kariyoba da kuke ji suna faɗa. Ana tara duk sakamakon a fitar da matsakaici a kan ma'aunin 5. Daga 4.50 zuwa sama digiri mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ta ƙasa, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Idan matsakaicin ya faɗo ƙasa da iyakar da makaranta ta sa, a wasu 1.00 a wasu 1.50, sai a ba shi gargaɗi a jarraba shi na wani lokaci. Bai farfaɗo ba, a sallame shi. Kuma digirin shekara huɗu yawanci ba a barin mutum ya wuce shekara shida yana yinsa. Ko ba ka yi boko ba, lamba ɗaya ce za ka riƙe. Ka ce masa, "Matsakaicinka nawa ne, kuma kariyoba nawa gare ka? Buɗe min a waya ƙanwarka ta karanta min." Ka kuma ga rasit ɗin rajista da katin jarrabawa kowace shekara. Akwai yaran da suke sa kuɗin rajista a cacar ƙwallo ta waya da nufin su ninka, kuɗin su tafi, su ci gaba da shiga aji shekara guda alhali sunansu ba ya cikin kundin makaranta. Wani zai ce wannan ai rashin yarda da ɗa ne. Manomin da yake zagaya masararsa kowane mako ba zargin gonar yake yi ba. Tsutsa yake so ya gani tun tana ganye ɗaya.

Akwai wani dattijo da ya taɓa sallama a ofishinmu, cikin farar babbar riga da ta sha guga, riƙe da zabi biyu da ya kawo wa malaman ɗansa don godiya. Ya ce ya zo ne ya ji dalilin da ya sa sunan yaron bai fito a bautar ƙasa ba, ga 'yan ajinsu har sun sa kaki. Aka ɗauko fayil. An sallami yaron tun yana aji biyu. Duk shekarun nan yana cikin gari a ɗakin haya, hutu ya yi ya koma gida, a ɗaura masa gari da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya dawo. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya cire hula, ya shafa kansa, ya mayar. Can ya ce, "Malam, da na zo tun farko, da akwai abin yi?"

Akwai. Yaron zazzaɓi ne ya kwantar da shi lokacin jarrabawar aji ɗaya, bai kai takardar asibiti ba, aka rubuta masa faɗuwa a darussan da bai zauna ba. Daga nan nauyin ya yi ta hawa kan nauyi. Da ya kai shaidar likita a kan lokaci ta hannun asibitin makaranta, da an ba shi damar rubutawa ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba. Wanda rashin lafiya ko rashin kuɗi ko wata musiba ta gida ta same shi yana iya rubuta takarda ta hannun shugaban sashe ya nemi a ɗage masa zango ko shekara, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda fannin ya fi ƙarfinsa yana iya neman a sauya masa wani kafin a kai ga kora. Wanda yake ganin an zalunce shi a maki yana iya biyan kuɗi a sake duba takardarsa. Kowane aji yana da malami mai kula da shi, akwai ofishin harkokin ɗalibai, akwai sashen ba da shawara. Duk waɗannan ƙofofi ne a buɗe, sai dai babu ɗaya da ke aiki bayan majalisar jami'a ta sa hannu a takardar kora. Saboda haka ka samu lambar malamin da ke kula da ajin ɗanka, kuma ko sau ɗaya a shekara wani daga gida ya taka ya je makarantar. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki. In kai ba za ka iya ba, akwai ɗan'uwa a Katsina ko Funtuwa ko Zariya da zai iya.

Idan kunya ta hana ka zama da shi, gidan Bahaushe bai rasa mai yi ba. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai yayarsa da ke gidan miji, akwai kaka wadda wasan jika ya ba ta lasisin tambayar abin da kai ba za ka iya ba. Ka zaɓi mutum ɗaya da yaron yake sakin jiki da shi, ka ce masa, "Na ɗora maka wane." Kuma kafin ya koma makaranta ka faɗa masa da bakinka, ko da kana kallon gefe ne: "Duk abin da ya same ka, ko faɗuwa ce, ni nake so in fara ji." Kada ka ɗauka ya sani. Bai sani ba.

Ranar da ya buɗe baki ita ce ranar jarrabawarka kai ma. Ya zo ya durƙusa, murya tana rawa, ya ce an ba shi gargaɗi, ko ya cinye kuɗin rajista. Ranka zai ɓaci, kuma kana da gaskiya. Amma don Allah a riƙe harshe. Kada a ce "Allah ya isa," kada a ce "ka cuce mu," kada a tara ƙannensa a yi masa tonon silili. Mun san nauyin bakin iyaye. A bar shi ya ci abinci ya kwana. Da safe a tambaye shi abu uku: me ya faru, tun yaushe, me makaranta ta ce. Ba cewa nake a shafa masa kai ba. Akwai malalaci, akwai wanda abokai da waya suka cinye masa lokaci, kuma wanda ya ci kuɗi ya kamata ya shiga gona ko ya kama sana'a da hutu ya biya. Faɗa yana nan, ba zai gudu ba. Wa'adin makaranta ne yake gudu. Kuma ku sani ƙannensa suna kallo. Abin da aka yi masa yau shi zai nuna musu ko su faɗa ko su ɓoye in tasu ta zo.

Wata matsalar kuma ba ta karatu ba ce, ciwo ne. Masana lafiya sun nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan ƙwaƙwalwa suna fara bayyana ne kafin mutum ya kai shekara 25, wato daidai shekarun da 'ya'yanmu suke makaranta. Yaron da ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki ba sassauci, ba ci ba barci, abin da yake so a da duk ya fita ransa, yana cewa shi ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Wanda ƙarar babur da dare take sa shi zabura yana gumi, ko yake mafarkin daji, abin da ya gani ne bai sake shi ba. Mu kuma nan da nan sai mu ce iska ce, ko an yi masa sammu don an ga zai zama wani abu. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, ban hana ba, ni ma ina yi wa nawa. Amma a haɗa da likita. A fara da babban asibiti mafi kusa, su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano. Idan kuwa kuka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a ce masa "kai dai ka ji tsoron Allah" a tashi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshi daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.

Shaye-shaye ma haka. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da su, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da 'yan'uwansa ba su ɓace ba. Da yawa sun fara ne don su kwana karatu, ko don su samu barci. Duka da mari a ƙafa ba sa fitar da ƙwaya daga jini.

'Ya'yanmu mata suna da wani dalilin shiru da maza ba su da shi. Yarinyar da wani malami ko wani ɗalibi ya matsa wa ta san cewa in ta faɗa a gida, maganin da za a yi shi ne a cire ta a yi mata aure, wanda ya yi laifin kuma yana nan a kujerarsa. Sai ta haɗiye, makinta ya yi ta zubewa. Ki gaya mata tun yau cewa faɗar gaskiya ba za ta raba ta da karatunta ba, ku kuma cika alkawarin. Makarantu suna da hanyar kai ƙara, kuma ƙarar da uba ya raka ta fi nauyi.

Maganar kuɗi a taƙaice: kaɗan da ke zuwa a ranar da aka sani ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba. Da kaka a ware masa nasa, masara da wake da kuka da daddawa, kafin a kai saura kasuwa. A Afrilun 2024 aka sa hannu a dokar ba ɗalibai rance, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu: yana biyan kuɗin makarantar gwamnati kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a ciki, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne, a zauna a yi shawara kafin a karɓa, amma ya fi bashin manhajojin waya nesa ba kusa ba. Akwai kuma tallafin karatu na jiha. A tambayi yaro ko ya cika takardar.

Sai fannin karatu. Ba kowane ɗa ne likita ko lauya ba. Na ga yaran da suka yi ta faɗuwa a kimiyya don cika burin uba, aka mayar da su tarihi ko Hausa ko aikin gona suka fita da daraja ta biyu ta sama. Wanda jami'a ta gagara, ga kwalejin ilimi, ga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, ga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa ga mai son ya sake ɗaura ɗamara.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa, da malamanmu limamai, roƙona gare ku shi ne ku ɗauki maganar nan zuwa fada da mumbari, don uban da ba zai saurare ni ba zai saurare ku. Ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumominmu kuma, ku riƙe sunan kowane ɗan Pauwa da ke makarantarku. In mako biyu suka wuce ba ku ga wani a aji ko a masallaci ba, ku je ɗakinsa ku buga ƙofa.

Ku kuma 'ya'yana na bayan zaure, na san a cikinku akwai wanda tun da na fara magana kansa yake ƙasa. Ba sai ka faɗa wa Baba yau ba in ba za ka iya ba. Ka samu kawunka ko yayarka ko ni kaina kafin a watse, mu duba takardunka mu ga wace ƙofa ce ba a rufe ba tukuna.